Kowa Mashawarci Ne a Unguwarmu, Sai Ranar da Sakamako Ya Fito

A Kafanchan ba a rasa mai ba da shawara. Wuta kan ɗauke ta yi kwanaki, famfo kan bushe, jirgin ƙasan da ya tara kakanninmu a garin nan tun 1927 ma an daɗe ba a ji kukansa ba, amma ka kuskura ka ce yaronka ya ci jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. Kafin la'asar ta yi sanyi, daga Takau zuwa Bayan Loko, daga Aduwan zuwa Garaje, an gama zaɓa masa abin da zai karanta, an sama masa aiki, wasu ma har sun yi masa mata.

Mai shayin bakin tasha zai ce likita. Tsohon ma'aikacin reluwe da ke jiran fansho zai ce injiniya, domin a zamaninsu injiniya ne ke kwana a kwatas mai wuta da ruwa. Mama ta Zumuntar Mata za ta ce nas, ta kawo misalin 'yar wance da ke Ingila, wadda ta sa aka sauya wa uwarta rufin ɗaki. Malam kuma bayan sallar Magariba zai ce lauya, ko a samu mai tsaya mana a rigimar fili. Kawun da ke Abuja, wanda ba a ganinsa sai Kirsimeti ko babbar Sallah, shi bai ma damu da zaɓi ba. Sai ya kaɗa makullin mota ya ce, "Ya karanta ko mene ne, in ya gama a turo mini takardunsa." Allah kaɗai ya san yara nawa wannan magana ta sa suka miƙe ƙafa.

Kwas huɗu ke nan muka sani. Yaron da ya ce ai shi ƙididdiga aka ba shi, ko ilimin duwatsu da ma'adinai, sai wurin ya yi tsit, can wata tsohuwa ta tambaya cikin lallashi, "To ɗana, in an gama wannan, me ake zama?" A yi dariya a wuce. Amma tambayar Kaka ta fi duk surutunmu ma'ana, domin shi ma yaron bai san amsar ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi a kanta.

Wanda ke yanke hukunci na gaskiya ma ba ya cikin waɗannan duka. Wani matashi ne da ke gaban kwamfuta a cibiyar rajista, layi ya yi masa tsawo, rana ta yi, yana so ya sallami mutane. Darussa huɗu ake rubutawa a JAMB, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya, sauran ukun kuma kowane kwas da nasa. Mai son likitanci sai da fiziks da kemistiri da bayoloji. Mai son injiniyanci sai da lissafi da fiziks da kemistiri. Yaro zai ga fiziks na ba shi tsoro, ya ce a saka masa wani darasin da ya fi iyawa, mai kwamfuta ya danna, ya ce na gaba. Sakamako ya fito da maki mai kyau, admishan shiru. Mu kuma a gindin mangwaro mun riga mun gano dalili: an sayar da gurbinsa, ko don sunansa ne, ko don inda ya fito. Ban ce ba a son kai a ƙasar nan ba, wa zai ce haka? Amma kafin mu kai ƙara sama, da mun duba takardar da yaron ya fito da ita daga cibiyar. Haka kuma tun 2017 da JAMB ta kawo tsarin CAPS, ko an ba ka gurbi sai ka shiga shafinsu da kanka ka nuna ka karɓa. Wanda kuma aka shigar da shi makaranta ta bayan fage, sunansa bai hau jerin JAMB ba, zai yi karatunsa lafiya lau har ya gama, sai ranar neman tafiya bautar ƙasa ya ji labari.

Ranar tafiya makaranta kuwa ba mu da na biyu. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, manja a gora, mudun acca, busasshiyar kuɓewa, yajin citta a robar man shafawa. Fasto ko liman ya zo ya yi addu'a. Sai nasiha: kar ka shiga ƙungiyar asiri, kar ki kula samari, kar ka bar sallah, kar ki daina zuwa coci, ka tuna gidan da ka fito. Duk daidai ne, ba abin cirewa. Sai dai a cikin masu nasihar nan kaf ba za ka ji wanda ya ce masa, "Makon farko ka nemi malamin da aka ɗora wa ajinku, ka san ofishinsa, ka san ranar da yake zama, shi ma ya san fuskarka." Shi ne ɗalibai ke kira lebul kodineta. Shi ke sa hannu a fom ɗin rajistar kwasa-kwasai, shi ke riƙe da sakamakon ajin, shi ya kamata ya ce wa yaro ɗauki wannan, ajiye wancan. A gidajenmu da yawa ba a taɓa jin akwai irin wannan mutum a duniya ba, domin yaron shi ne na farko a zuriya da ya taka jami'a.

Lissafin da ake yi wa ɗalibi a can ba sihiri ba ne, ko mai awo a kasuwa zai gane shi in an yi masa bayani. A yawancin jami'o'inmu ma'aunin 5 ake amfani da shi. Wanda ya samu 70 zuwa sama ya ci A, maki 5 ke nan. B 4, C 3, haka har zuwa F da ba ta da ko sisi. Kowane kwas da nauyinsa, wani yunit 1, wani 2, wani 3, saboda haka faɗuwa a mai yunit 3 ta ninka faɗuwa a mai yunit 1 ciwo sau uku. Daga 4.50 ake fita da daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne tu-wan ɗin nan da bankuna da manyan kamfanoni ke tambaya. Daga 2.40 zuwa 3.49 tu-tu. Ƙasa da haka, to, Allah ya sa albarka. Inda yaranmu ke faɗawa rami shi ne makin shekarar farko ba ya gogewa, ana tafiya da shi har ƙarshe. Yaron da ya gama aji ɗaya da 1.8, saboda baƙunta da sabon 'yanci da lakcar da ɗaruruwa ke cunkushe a zaure ɗaya ba a jin malami daga baya, in yana son tu-wan sai ya riƙa kawo sama da 4 a duk shekaru ukun da suka rage masa. Ana yi, amma ba kowa ba. Sannan a zango ɗaya ba a barin ɗalibi ya wuce yunit 24, kuma kwas ɗin da ya faɗi, kariyoba, shi ake fara sakawa. In suka taru sai su ture sababbi, sababbin su koma baɗi, a haka ake wayar gari da sifiloba. Digirin shekara huɗu kuma ba a barin mutum ya wuce shekara shida a kansa. In wa'adin ya cika, sai a sallame shi hannu rabbana.

Duk wannan yana faruwa, mu kuma ga irin binciken da muke yi ta waya:

"Yaya karatu?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kana dai ƙoƙari ko?"

"Muna ƙoƙari, Baba. Dama maganar kuɗin handawut ce."

"To, bari a yi kasuwa."

An gama. Baba ya ajiye waya ya gaya wa maƙwabta cewa yaro na ƙoƙari. Shi kuwa yaro yana ɗauke da kariyoba uku, ɗaya tun daga aji ɗaya, bai gaya wa kowa ba sai abokin ɗakinsa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, mu fa manoman citta ne, mun fi kowa sanin ba a yi wa abin da aka zuba wa kuɗi haka. Wa ya taɓa binne iri a watan huɗu, ya rufe da ganye, ya yi tafiyarsa sai watan sha ɗaya ya dawo da buhuna? Ana zagayawa, ana cire ciyawa, ana sa taki, in ganye ya fara yin rawaya a tsakiyar damina maigida ba zai yi barci ba sai ya nemo wanda ya sani. Amma yaron da aka sayar da wannan cittar aka biya wa rajista, ba a leƙa gonarsa sai ranar bikin yaye ɗalibai, ranar da aka ɗinka anko aka yi shatar mota. Akwai gidajen da a ranar ce suke fara jin cewa sunan ɗansu ba ya cikin littafin.

Kar kuma a ɗora wa kodineta laifin duka. Mutum ɗaya ne, aka ɗora masa aji guda, wani lokaci ɗalibai ɗaruruwa, a kan koyarwarsa da makin takardun jarrabawa da duba furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe da nasa binciken da ba zai samu ƙarin girma ba sai da shi. Ranar rajista za ka gan shi yana sa hannu a kan bonet ɗin mota, fom na bin fom, bai ɗaga kai ya ga fuskar kowa ba. Akwai masu kirki a cikinsu ƙwarai, waɗanda za su kira yaro gefe su ce, "Zo nan, me ya same ka a zangon da ya wuce?" Sai dai irin wannan sa'ar ta fi faɗa wa wanda ya saba kai kansa. Mu kuma mun yi wa 'ya'yanmu tarbiyyar da ba a kallon babba a ido, ba a yi masa tambaya ta biyu. Yaron da ya tashi a haka, ya je ƙofar ofishin da aka rubuta Dokta ko Furofesa, zai tsaya ya gyara riga, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa, ya ce sai gobe. Yarinya kuwa nata ya fi nauyi. Uwarta ta ja mata kunne kar ta kuskura ta shiga ofishin malami namiji ita kaɗai, kuma uwar ba ta yi ƙarya ba, kowa ya ji labaran da ke fitowa daga jami'o'in ƙasar nan. Abin da uwar ta manta ta ƙara shi ne: ki je, amma ki tafi da ƙawarki, kuma da rana tsaka lokacin da ofis ke cike.

To wa ke riƙe da yaran namu a can? 'Yan'uwansu ɗalibai. Yayyen da ke gaba da su a ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri tun 1957, ko a ta ɗalibai Musulmi, MSS, da ta faro daga Legas a 1954, ko ƙungiyar 'yan gari: Bajju da nasu, Atyap da nasu, Ham da nasu, 'yan Kagoro da Kaninkon da Fantswam da Hausawan cikin gari kowa da inda yake taruwa ranar Asabar. Su ke tarbar sabon shiga a tasha, su ba shi gefen katifa, su nuna masa inda ake biyan kuɗi, su tara masa tsofaffin tambayoyin jarrabawa, su yi masa darasin dare kyauta. Ba don su ba da yara da yawa sun dawo gida tun zangon farko. A gaishe su. Amma ɗan aji uku ɗan aji uku ne. Shi ne zai ce wa ƙaninsa, "Bar wannan kwas ɗin, malamin mugu ne, sai shekarar ƙarshe ka yi shi," bai san cewa sai an ci shi ake barin mutum ya ɗauki na gaba da shi ba. Shawara ta gari da ta banza duk da murya ɗaya suke fitowa, sabon shiga ba shi da yadda zai bambance.

Sai kuma tambayar da muka fi ƙwarewa a kanta, wadda ake jefa wa ɗalibi tun kafin ya sauke jaka daga kan acaɓa: "Kai har yanzu ba ka gama ba?" Kamar shi ke riƙe da kalandar. Mu da muke nan mun ga yadda aka yi. A ƙarshen 2016 gwamnatin jiha ta rufe reshen jami'ar jiha, KASU, na Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da kwalejin koyon aikin jinya saboda tashin hankalin da ake yi a yankin, ba a buɗe su ba sai da 2017 ta yi nisa. A 2020 korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na wata 9 suka haɗu suka cinye shekara. A 2022 ASUU ta sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Yaranmu da suka shiga Zariya ko Jos a 2019 da niyyar shekara huɗu, da yawansu ba su ga ƙarshen abin ba sai 2024 ko bayanta. Shekarun nan kuwa ba a banza suke tafiya ba. Wanda ya haura 30 kafin ya gama, takardar yafewa za a ba shi maimakon kakin bautar ƙasa. Bankuna kuma in suna neman sababbin ma'aikata sukan ce kar a wuce 26 ko 27. Yaron ya san wannan lissafin sarai, da shi yake kwana da shi yake tashi. Sai ga Goggo a bakin rijiya tana cewa, "Sa'anka ɗan wane har ya yi aure."

Kuɗi ma haka. A 2021 kuɗin KASU ya tashi daga naira dubu 20 da 'yan kai zuwa 150,000, wasu kwasa-kwasan ma fiye. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, a Gidan Waya har aka rasa rai. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage, KASU ta dawo 105,000, Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Ba mu gama murna ba, a daminar shekarar nan dai cuta ta faɗa wa citta, ta bi Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf ta ruɓar da ita a ƙasa. Gidajen da buhun citta ne bankinsu suka wayi gari ba kuɗin makaranta, ba irin shukawa baɗi. Yara da yawa a lokacin suka zauna gida shiru, da tunanin in abu ya yi sauƙi za su koma. Ba wanda ya gaya musu cewa akwai hanyar da ake bi: a rubuta takarda ta hannun kodineta da shugaban sashe, a nemi a jingine karatun zango ko shekara. Wanda ya rubuta aka amince, gurbinsa na nan. Wanda ya ɓace kawai, makaranta ba ta san annobar citta ba, abin da ta sani shi ne ɗalibi bai yi rajista ba. Takarda shafi ɗaya ce ta raba mutanen nan biyu.

Da bashin karatu na NELFUND ya zo a watan Mayun 2024, majalisar gindin mangwaro ta rabu uku. Wasu suka ce bashi ba ya shiga gidansu, ko na gwamnati ne. Wasu suka ce wane bashi, rabonmu ne na man fetur, a karɓa a ci, wa zai tambaya? Na uku suka ce sai sun ji ko akwai riba. Kowa ya yi jawabi, ba wanda ya karanta sharuɗɗan. Ga su kuwa a fili: ba riba a kai, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi ana ba shi 20,000 a wata na hidima, biya kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Mai karɓa ya karɓa da saninsa, mai ƙi ya ƙi da saninsa. Amma dai bashi ne, da lambar NIN da BVN ɗin yaron aka rubuta shi, ba da na mai jawabi ba.

Wani halin namu kuma da ya kamata a faɗa: abin da ke ƙofar gidanmu ba ya burge mu. KASU da aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, a reshenta na Kafanchan aka ajiye tsangayar aikin gona da ta ilimin muhalli, inda ake koyon zanen gine-gine da ƙiyasin kuɗin gini da kula da kadarori. A Samarun Kataf ma ga makarantar aikin gona ta Nuhu Bamalli. Amma yaro ya dawo ya ce an ba shi aikin gona, sai fuskar uwarsa ta canza. "Noma? Noman da muke so ka tsere wa? Ai da ka zauna ka bi babanka, kyauta zai koya maka." Ranar da citta ke narkewa a ƙasa kuwa, duk mu ne muke ta cigiyar wanda ya san ciwon tsirrai, muna jiran a turo mana masana daga wani wuri. Kowace Alhamis motoci na zuwa kasuwar aladu ta Katsit daga kudancin ƙasar nan su yi lodi, Fulaninmu ga shanu, kowane gida ga kaji da awaki, amma ɗan da ya karanta kiwon dabbobi sai a riƙa yi masa kallon wanda bai samu abin kirki ba.

Gidan Waya kuwa mun mai da ita wurin da ake zuwa in ko'ina ya ƙi. "Ya je ya yi NCE kafin Allah ya kawo admishan." Alhali duk wani babban mutum da yankin nan ke taƙama da shi, malamin makaranta ne ya fara riƙe masa hannu, a makarantar mishan ko ta gwamnati. Sai dai a nan ba zan ga laifin iyaye sosai ba. Sun ga abin da ya faru a 2017, da aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Kusan kowace unguwa akwai gidan da abin ya taɓa. Wanda ya ga haka, in ya ce ɗansa ba zai yi koyarwa ba, ba za ka ce masa mahaukaci ba.

Yanzu kuma sabon yayi ya shigo. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta karɓi Jami'ar Nok da ke Kachia ta mai da ita jami'ar tarayya ta kimiyya, aka naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta, aka kuma amince da cibiyar kiwon lafiya ta tarayya a nan Kafanchan. Abin farin ciki ne, mun daɗe muna roƙo. Nan da nan mashawartan unguwa suka sabunta ilimi: yanzu komai lafiya, kowa ya tafi fannin lafiya. Yarinyar da jini ke sa ta jiri ma an ce nas za ta yi, don a kai ta Ingila. Ba wanda ya kawo zancen cewa Ingilar tun watan Maris na 2024 ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, ƙofar sai ƙara tsukewa take yi. Wanda zai shiga aji ɗaya bana, ba a san yadda duniya za ta kasance ranar da zai fito ba. Duk mai ce maka ya sani, hira yake yi. Abin da za a iya sani shi ne ko yaron na iya darussan, ko yana son aikin, kuma ko kwas ɗin na da amincewar hukumar jami'o'i da ta masu sana'ar. Wannan na ƙarshen ana iya tambaya kafin a biya ko kwabo.

Akwai kuma wanda ba ma son a taɓo. Yaro ya dawo hutu ya shige ɗaki, ba ya fita ƙwallo, ba ya cin abinci sosai, barci da rana, ido biyu da dare. Mu nan da nan mun gano: an yi masa asiri daga ƙauye, ko ya fara shaye-shaye, ko girman kai ne na 'yan boko. A kai shi wurin addu'a, a kawo rubutu. Addu'a ba ta taɓa yin yawa ba, a yi. Amma wani ya zauna kusa da shi, ba a gaban mutane ba, ya tambaye shi ko akwai abin da ya faru a makaranta. Sau da yawa za ka tarar sakamako ne ya ɓaci, ko an kore shi tun bara yana ta karɓar kuɗin makaranta don ya rasa bakin da zai faɗa, ga shi an sayar da akuya, an ci adashi, duk gari an san ana jiran digirinsa. Nauyin nan ya fi ƙarfin ɗan shekara ashirin. Jami'o'i da yawa suna da ofishin ba da shawara na musamman don irin wannan, amma ɗalibai kan gama karatu ba su san inda ƙofarsa take ba.

Wanda Allah ya taimaka ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya ci alawus ɗinsa na 77,000 a wata har shekara guda, sai ya dawo mana. Wata na farko ana kiransa Kofa ana tafa masa. Wata na shida an fara cewa, "Aiki fa?" An tura wa Kawu takardu, Kawu ya ce ana kan magana, daga baya wayarsa ta daina shiga. Sai ka ga ɗan jami'a ya kafa lema da na'urar POS a bakin kasuwa, ko yana koyarwa a makarantar kuɗi kan albashin da bai kai na mai gadi a Abuja ba, ko ya koma gona. Mu kuma mu riƙa nuna shi da baki muna ce wa ƙannensa, "Ga amfanin bokon nan." Wannan mutumin da muke wa dariya kuwa, shi ne kaɗai a layinmu da ya san yadda ake lissafin maki, ya san yadda ake rubuta takardar jingine karatu, ya san kuskuren da ya sa abokinsa ya yi sifiloba, ya san abin da da ya sani a aji ɗaya da bai yi ba. Muna da su birjik. Ga malaman makaranta da suka yi ritaya, ga nas-nas na asibiti, ga lakcarorin KASU da na Gidan Waya da muke haya gida ɗaya da su, muke haɗuwa a coci da masallaci da wurin mai nama. Ba mu taɓa tambayarsu komai ba sai in muna neman a saka mana yaro a jerin admishan.

Disamba na zuwa, kowa zai dawo. Za a yi bukukuwan aure, za a yi gasar ƙwallo, ranar 1 ga Janairu a ɗunguma Kagoro kallon Afan. A cikin kwanakin nan a ware yamma ɗaya. A ari aji ɗaya a firamaren unguwa, fasto ya sanar ranar Lahadi, liman ya sanar ranar Juma'a. Kowane ɗalibi ya zo da fom ɗin rajistarsa da sakamakonsa a takarda, waɗanda suka gama su zauna da su ɗaya bayan ɗaya, mata da mata in sun fi so. Ba babban baƙo, ba jawabin shugaban taro, ba neman gudunmawa. Iyaye kuma, don Allah, ku tsaya a waje. Yaro ba zai buɗe kariyobansa a gaban wanda ya sayar da akuya ba.

Kai kuma Baba, ke kuma Mama, in naku ya iso hutun nan, ku bar shi ya ci tuwo tukuna. Sannan ku tambaye shi sunan kodinetan ajinsu, da kwas ɗin da ya fi ba shi wuya a zangon da ya wuce. In ya kasa faɗin sunan, ku sa ya nemo shi kafin ku ba shi kuɗin motar komawa.